Gidan Tarihin Sojan Ruwa na Challawa da Jirginsa Ɗaya

Ranar da na fara aiki a gidan tarihin sojan ruwa na Challawa, na riƙe tabarau mai hangen nesa a baibai, a gaban 'yan firamare cike da ɗaki da malaminsu. Na ɗora shi a ido, sai na ga darbejiyar bakin ƙofa ta koma kamar tsinken sakace, ta gudu can wajen Zariya. Wata yarinya mai kitso biyu ta karɓa, ta duba yadda na nuna mata, ta ce, "Yaya, ai wannan nesa yake kai abu." Da mai kunya ne, da ya juya tabaran ya ba da haƙuri. Ni kuwa na gyara tsayuwa, na ce da gangan aka ƙera shi haka, don sojan ruwa ya ga jirgin abokan gaba ɗan mitsitsi, tsoro ya fita daga ransa. Malamin ya gyaɗa kai, ya sa yara suka rubuta a littafi. Ina jin har yau akwai masu yawo da wannan ilimi a Kumbotso.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Yanzu ina sha takwas, wato na tsufa a sana'a, kuma ina rubuta wannan ne saboda ƙannena da abokansu, masu cewa jagorar baƙi a gidan tarihi ba aiki ba ne, wai sanda ce kawai da surutu. To, ku zauna ku ji.

Na san tambayar da ke bakinku, don kowane baƙo ita yake fara yi: me ya haɗa Challawa da sojan ruwa? Amsar ita ce Malam Garba, wanda kowa ke kira Komanda. Mutumin ƙauyenmu ne, ya yi shekaru yana aikin sojan ruwa a Ikko, ya yi ritaya, ya dawo gida da farin kaki biyu, da akwatin ƙarfe, da tabbacin cewa babbar matsalar yaran Kano ita ce ba su san teku ba. Ya yi ta sintiri ofishin manajan wani kamfanin fata, inda babana ke aikin wanke ƙiraga, har Manaja ya gaji. Da ma Manaja yana son a ga hotonsa a jarida yana taimakon ilimi. Sai ya ba shi wani tsohon sito a tsakanin ɗakin gishiri da katanga. Warin jima a wurin, in ka shiga da farar riga, sai ta fito tana neman sabulu da kanta. Komanda ya ce ba komai, haka bakin teku yake wari.

Ni kuma an ɗauke ni ne don babana ya ce gara in yi surutun nawa inda ake buƙata.

Kayanmu ba su da yawa, amma kowanne yana da sarauta. Akwai hular sojan ruwa biyu, da rigar ruwa wadda ɓera ya ci kafaɗarta, da ƙararrawar tagulla, da allo mai ɗauke da ƙulle-ƙullen igiya iri-iri, da hotunan jirage da muka yanko daga kalanda. Akwai kamfas wanda allurarsa ba ta san arewa ba, ƙofar ƙarfen sitonmu kawai ta sani. Akwai kuma hoton Komanda da abokan aikinsa a jere a kan jirgi. Shi yana can ƙarshen layi, hularsa fara ce kuma ta fi ta kowa tsawo. Ban tambaye shi dalili ba. Na riƙa gaya wa yara cewa a sojan ruwa tsawon hula shi ne girman muƙami.

Aikin da na fi ƙwarewa a kai shi ne cika teku. Komanda ya taho da kwalba ɗaya ta ruwan teku na gaske, kuma ƙa'idar gidan ita ce kowane yaro ya tsoma yatsa ya lasa, don ya san duniya tana da faɗi. Kafin wata ya ƙare, teku ta ƙafe. Komanda ya zauna kamar an yi masa rasuwa. Sai na ɗauki kwalbar na zaga baya, na tari ruwan famfo, na ɗebo gishirin da ake barbaɗa wa fatu. Kada ku ɗauka abin wasa ne. In gishiri ya yi kaɗan, yara su ce ƙarya ne. In ya yi yawa, su yi amai a kan rigar ruwa. Sai da na yi makonni kafin na gano ma'auni: cokali uku da ɗan yatsa, a girgiza sosai, a bar shi ya kwanta. Komanda ya lasa ya lumshe ido, ya ce, "Wannan ruwan bakin Ikko ne sak, Habu, har da ƙazantarsa." Tun daga ranar ya naɗa ni Kyaftin.

Koyon aikin kuwa, wata uku na yi ina shan wuya. Komanda ya koya mini sara wa hoto, da goge ƙararrawa da toka da lemon tsami har in ga haƙorana a jikinta, da ƙulla igiya ido a rufe. Ya koya mini inda jagora ke tsayawa: kullum tsakanin yara da ƙararrawa, don in yaro ɗaya ya buga ta, sauran sai kowa ya buga, su kuma ma'aikata su ɗauka an tashi. Ya ce a fara da ƙananan kaya a ƙare da babba. Ya ce a gane shugaban masu ɓarna tun daga bakin ƙofa, a ba shi riƙon sandar nuni, don mai muƙami ba ya ɓarna sai an juya baya. Babbar ƙa'ida kuma, jagora ba ya cewa bai sani ba. Wannan ita ce na fi riƙewa, kuma ita ce ta kai mu inda ta kai mu.

Baƙinmu iri uku ne. Akwai 'yan makaranta, waɗanda tambayarsu ɗaya ce: teku ta kai dam ɗin Tiga girma? Akwai malamansu, masu neman benci a kusurwa su ɗan runtsa. Akwai kuma ma'aikatan kamfani, musamman 'yan Nijar, da ke shigowa lokacin hutun rana saboda mu kaɗai ke da fanka mai aiki. Su ne baƙi mafi ladabi. Wani Buzu ya ji laccata ta yaƙin teku sau goma sha, bai taɓa katse ni ba, kuma bai taɓa farkawa kafin jiniyar komawa aiki ba.

Babban kayan da ake ƙarewa da shi shi ne kwale-kwalen Baba Nomau. Baba Nomau mai fito ne, ya gaji sana'ar daga ubansa. Da damina, in kogin Challawa ya kawo, shi ke haye da mutanen ƙauyukan ƙetare, su da kekunansu, su zo aiki. Jirgin na gungumen maɗaci ne guda, an fafe shi, tsawonsa ya kusa cin sitonmu. Da kamfani ya sayi babbar mota tana zagawa ta gada tana kwaso ma'aikata, sai fito ya mutu. Komanda ya ga dama ta samu. Aka sa ƙarti suka ɗauko jirgin, aka gina masa dakalin siminti, aka shafe shi da fenti ruwan toka irin na jiragen yaƙi, aka rubuta masa lamba a goshi. Shi kuma Baba aka ba shi gadin ɗakin, ya riƙa zama a kan tabarma a gefen jirginsa, yana jin ina ba da tarihi.

Tarihin da nake bayarwa yana girma da kansa. A shekarar farko jirgin yakan ɗauki mutum ashirin. A ta biyu ya kai hamsin, ya kuma taɓa fafatawa da dorinar ruwa. Baba ba ya cewa komai sai yara sun fita.

"Kai ɗan nan, dorinar nan a ina muka gamu da ita?"

"Baba, kun manta ne. Tsufa."

"To Allah ya ƙara mata lafiya. Gobe ka sa mata kada ya taya ta."

Abu ɗaya ne ya hana shi da Komanda jituwa. Kullum da safe Baba zai zo da tulu ya kwarara ruwa a cikin jirgin, daga goshi har wutsiya. Ni kuma in zo in tarar da ruwa kwance, fenti yana tashi, yara suna tsoma takalma. Da na gaji da gogewa sai na kai ƙara. Komanda ya zo ya tsaya, hannu a baya.

"Baba Nomau, wannan kayan tarihi ne yanzu. Ba a jiƙa tarihi."

"Garba, itace ne. In bai sha ruwa ba sai ya buɗe baki."

"Ni na yi aiki a jirgin da ya fi wannan kamfanin tsawo. Ba mu taɓa zuba masa ruwa a ciki ba."

"Naku na ƙarfe ne. Kuma ai a cikin ruwan yake zaune."

Komanda ya hana, ya sa ni na rubuta takarda na manna: an haramta ruwa a harabar sojan ruwa. Baba ya ɗauke tulunsa. Jirgin ya shekara biyu a kan siminti, a ƙarƙashin kwano, fanka tana busa shi. Ya fara tsagewa siri-siri, ni kuma ina bi da garin katako da gam ina cikewa, in shafa fenti. In kun gan shi a lokacin, sai ku rantse jiya aka sassaƙa shi.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Daga Bompai har Sharaɗa labari ɗaya ne: babu kayan gyaran injina, an rage aikin dare, an sallami wane da wane. Motar ma'aikatanmu ta lalace, aka ɗora ta a kan duwatsu, kaji suka tare a ƙarƙashinta. Mutanen ƙetare suka koma zagawa ta gada a ƙafa da keke, suna isowa bayan jiniya, ana rufe musu ƙofa. Fatu kuwa suka taru babu masu saye, har a barandar ofis. Manaja ya kira Komanda, ni ina riƙe masa hula. Ya ce yana buƙatar sitonsa. Hanya ɗaya ce: in ofishin ilimi ya sa gidan tarihinmu a jerin wuraren da dole makarantu su ziyarta, zai iya kare mu a gaban masu kamfani. In ba haka ba, ƙarshen wata ƙiraga za su shigo, mu fita. Wato ɗakin Komanda, da tabarmar Baba, da kyaftin ɗina, duk suna hannun mutum ɗaya, Sufeton makarantu.

Sufeto ya zo ranar Talata. Siririn mutum ne mai tabarau, da takalmi baƙi mai ƙyalli, da biro uku a aljihu. Ya lasa teku. Ya duba kamfas, ya matsa gefe, ya sake dubawa, ya rubuta wani abu. Na ga alamar muna nutsewa tun a tudu, sai na saki dukkan abin da Allah ya hore mini. Na ce jirgin nan ya taɓa haye da mutum tamanin, da kekunansu, da bijimi, ana ruwa da iska. Na ce shi ne kakan sojan ruwan ƙasar nan. Na ce, kuma wannan ce kalmar da ta kashe mu, a shirye yake kullum, ko yanzu aka ce ya shiga ruwa zai shiga.

Sufeto ya cire tabarau. "Madalla. Da ma sabon tsarinmu shi ne yaro ya koya da hannunsa, ba da kunne kaɗai ba. Ranar Asabar a kai shi kogi. Zan zo da aji ɗaya. Ni zan fara shiga in gwada, in ya yi, yara su shiga, ni kuma in sa hannu."

Komanda ya sara masa.

Da Sufeto ya tafi, Baba ya tashi daga tabarma ya zaga jirgin yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Ya ce akwai dabara, kuma ba sabuwa ba ce, duk mai fito ya san ta. Jirgin da ya daɗe a tudu ba a hawansa kai tsaye. A kai shi yau, a nutsar da shi a gefen kogi, a danne da duwatsu, ya kwana uku yana sha. Itacen zai kumbura, tsagar ta haɗe bakinta, ranar Asabar a kwarfe ruwan a hau.

"A nutsar da shi?" in ji Komanda. "Da hannunmu? Kafin babban baƙo ya duba? Baba, a aikin soja wanda ya nutsar da jirginsa kotu ake kai shi."

"A aikin fito kuma wanda bai nutsar ba, gawarsa ake nema."

"Fenti fa? Lamba fa? Ka so Sufeto ya zauna a kan laka da farar riga?"

Suka juyo gare ni, don ni ne mai gyaran tsaga. Da na faɗi gaskiya, da na ce abin da ke riƙe da gindin jirgin nan rabinsa gam ne. Amma jagora ba ya cewa bai sani ba, balle ya ce aikinsa ba shi da ƙarko. Na ce, "Komanda, gam ɗina ko allura ba ta ratsa shi." Kwana ukun da ya kamata jirgi ya yi yana shan ruwa, sai ya yi su yana shan sabon fenti, shafi biyu.

Ranar Asabar da hantsi ƙarti goma suka sauke shi a bakin mashaya. Ruwan ya kawo daidai, ja-ja da shi. Yara suka jeru a kan yashi da malaminsu, ma'aikatan ƙetare suka taru a ɗaya gaɓar suna kallo, har Manaja ya zo da mai hoto. Komanda ya sha farin kaki, guga kamar ta yanka mutum. Ya miƙa wa Baba gorar tuƙi. Baba ya mayar da hannunsa baya.

"Ni ina da iyali, Garba. Ga Kyaftin nan."

Ban taɓa tuƙa ko faranti a cikin baho ba, amma na karɓa. Sufeto ya zauna a tsakiya da takardunsa a cinya, Komanda ya tsaya a goshi ya ɗora tabarau mai hangen nesa a ido, daidai wannan karon. Na dafa gora na tura. Wallahi taku goman farko babu jirgin da ya kai namu kyau a duniya. Yara suka yi tafi. Mai hoto ya ɗauka.

Sai na ji sanyi a tafin ƙafa. Na duba, na ga garin katakona yana tasowa ɗaya bayan ɗaya, yana yawo kamar gayan fura a nono.

"Kyaftin," in ji Sufeto, yana ɗaga takalmansa, "wannan ruwan daga ina?"

"Ranka ya daɗe, zufar jirgi ce. Duk jirgin yaƙi yana yi in ya daɗe bai motsa ba."

"Zufar ta kai idon sawu."

"Yana da ƙoƙari ne, ranka ya daɗe."

Komanda bai waiwayo ba. Ya ce, "Ci gaba, Kyaftin." Na ci gaba. Jirgin ma ya ci gaba, amma ƙasa. Bai kife ba, bai yi gaggawa ba, ya dai riƙa sauka a hankali kamar tsohuwa za ta zauna a tabarma, har ya dire a kan yashi. Ruwan iya cinya ne. Sufeto, da yake a zaune yake, ya same shi iya ƙirji, ya ɗaga takardu sama da hannu ɗaya, takalma da ɗaya. Komanda yana tsaye ƙiƙam, ya sara, don ya ce haka ake yi. Hularsa kawai ta tafi Wudil.

Yara kuwa ba su taɓa jin daɗin darasi irin na ranar ba. Suka zagaye Baba Nomau suna tambaya, shi kuma ya tsuguna, ya ɗauki busasshen kara da jiƙaƙƙe, yana nuna musu yadda itace ke shan ruwa ya kumbura. A shekara uku ban taɓa ganin yara sun yi shiru haka ba tare da an ba shugabansu sanda ba. Sufeto ya fito yana ɗiga, ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Sannan ya dubi Komanda.

"Malam Garba, a jirgin naku wane aiki ka riƙe?"

Komanda ya daɗe yana matse bakin rigarsa. Ya ce, "Ciyar da runduna, ranka ya daɗe. Mutum ɗari ba sa yaƙi da yunwa."

"Gaskiya ne," in ji Sufeto. Ya nemi biro, ya tarar duka ukun sun sha ruwa.

Bai sa hannu ba, ko da ya samu busasshen biro. Ƙarshen wata ƙiraga suka shiga sito, muka kwashe kayanmu a baro. Ƙararrawa tana makarantar firamaren ƙauyenmu, kamfas yana akwatin Komanda, teku kuma na zubar da ita a gindin darbejiya. Manaja ya ba Komanda ɗakin girkin ma'aikata, kuma duk wanda ya ci dafa-dukansa ya san ƙasar nan ba ta yi asarar horar da shi ba.

Jirgin kuwa ba wanda ya kula ya ciro shi. Ya kwana uku a inda ya zauna. Rana ta huɗu Baba Nomau ya shiga ruwa da ƙwarya, ya kira ni na taya shi, muka jawo shi gefe muka kwarfe. Ya tashi ya yi iyo, ko ɗigo ba ya shiga. Washegari mutanen ƙetare suka iso aiki kafin jiniya. Motar kamfani har yau tana kan duwatsu. Ni ne mai kwarfa da riƙe kekuna, bana Baba ya fara ba ni gora in ruwa ya kwanta. Mutum tara jirgin yake ɗauka, takwas in akwai keke.